Shekarar Turaku

Litinin, 13 ga Afrilu, 1959, da hantsi

Baba, ka yi mini gafara. Na san ka ce kada kowa ya taɓa littattafanka, na kuma san takarda mai kyau irin wannan ba ta surutun yarinya ba ce. Amma wannan littafin kaɗai ya rage a akwatin. Da yake babu komai a cikinsa, 'yan dokan da suka tafi da kai ba su ɗauka ba. In na buɗe baki a gaban mutane muryata maƙalewa take yi, ka sani, shi ya sa na yi ƙarfin hali. Zan yi ƙananan haruffa don kada in ci shafi da yawa.

A makaranta an koya mana mai rubutu ya fara da faɗin ko shi wane ne. To, ni ce Agatha, 'yar Malam Irmiya malamin asibiti, ƙanwar Solomon da ke aikin jirgin ƙasa a Minna.

Ga labari mai daɗi. Takardar neman shiga jami'a ta iso daga shugabar makarantarmu. Shafi huɗu ce. Dole ta bi motar wasiƙu ranar Alhamis, 7 ga Mayu, in ta wuce ranar sai baɗi, kuma shugabar ta ce ba ta da tabbacin za a sake ba ta gurbi. Abu uku ake so: abin da zan karanta, shekaruna da rantsuwar dattawa biyu, sai sa hannun uba.

Na ukun ba zan yi maganarsa yau ba.

Talata, da la'asar

Abin da nake so in rubuta a gurbin farko shi ne Tarihi da Siyasa. Na gwada a bayan hannuna da fensir, ya yi kyau.

Na haddace sarakunan Ingila har da matansu, na ci jarrabawa da su. Amma duk lokacin da malama ta ce “sai aka yanke shawara,” nakan so in ɗaga hannu in ce, wa ya yanke? A wane ɗaki? Wa aka bari a waje? Ban taɓa ɗagawa ba. An ce a jami'a akwai inda wannan tambayar ita ce darasin kanta.

Mangwaron tsakar gida ya nuna. Na sha biyar. Tabarmar da kake karanta wa maƙwabta jarida a kai tana naɗe a jikin bango.

Laraba, bayan azahar

Ashe ban san shekaruna ba.

Waɗanda ke cikin rajistar makaranta na kunne ne. Ranar da aka kai ni aji ɗaya, malam ya ce in ɗora hannu ta kan kaina in taɓo kunnen ɗaya gefen. Na taɓo, ya rubuta bakwai. Yanzu takarda ta ce ba a yarda da wannan ba.

Na tambayi Mama tana tuƙa tuwo. Ta ce, “Da farkon damina ne.”

Na ce, “Wace daminar, Mama?”

“Wadda aka haife ki.”

Kaka, mahaifiyarka, tana gefe tana gyaran kuka, ta yi dariya har da tari. Ta ce, “Duk bokon nan ba ki san wannan ba, Malama? Ai shekarar turaku ce, can gida wajen Rijau.”

Mama ta tsayar da muciya. Ta ce wani abu da Dukanci da sauri, Kaka ta mayar mata da abin da ya fi shi tsawo. Dukancina na gaisuwa ne da na aike, ban kama komai ba sai sunanka.

Alhamis, da rana

Kaka ta kai maka abinci gidan yari. Kwano ya dawo a share. Alama ce mai kyau.

Asabar, da yamma

Kawu Haggai, yayan Mama, ya rufe keken ɗinkinsa da wuri ya zo. Ya karɓi takardar ya riƙe ta nesa da ido kamar yadi mai tsada.

“Me za ki karanta, ɗiyata?”

Na faɗa a hankali. Ya sa na maimaita.

“Tarihi na ji, ba laifi. Mutanen ciki duk sun mutu, ba mai biyo ki gida. Amma ɗayan fa? Ki duba gidan nan da kyau, sannan ki sake faɗa mini ɗayan.”

Na duba ƙasa.

Ya ce shi zai kai ni ofis ranar Litinin a yi maganar shekaru, kuma kada in kuskura in ambaci abin da Kaka ta ce. “Za mu ce shekarar fara. Fara ba ta da dangi a garin nan.”

Ya kawo mini ƙyallen atamfa na ɗankwali. Kawu mutumin kirki ne, tsoro ne kawai ya yi masa yawa.

Lahadi, bayan sujada

Bencinmu a coci ya yi faɗi yau. Mama ta ce zafi ne ya sa mutane ba sa son matsuwa. Mun yi waƙa da ƙarfi, ni da ita.

Litinin, 20 ga Afrilu, da la'asar

Baba, da kana nan da ka yi dariya har hularka ta faɗi.

Akawun da ke rubuta rantsuwa sunansa Malam Tanimu, dogo ne mai tabarau ɗaure da zare. Yana da doguwar takarda tun ta lokacin ƙidaya, an jera abubuwan da suka faru da shekarar kowanne a gefe, don mutanen da ba su san ranar haihuwarsu ba. Shekarar husufin rana, shekarar zuwan mota, shekarar ɗaukar soja, da sauransu.

Kawu ya gyara murya ya ce, “Shekarar fara aka haife ta, ranka ya daɗe.”

Malam Tanimu ya bi da yatsa, ya yi lissafi, ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau. “Ashirin da biyar ke nan.”

Na ce, “Yayana ma ashirin da biyu gare shi.” Ban san lokacin da maganar ta fita ba.

“To ke ce yayar yayanki,” in ji shi. “Kuma takardarki ta ce kada a wuce ashirin da biyu. Malam Haggai, ko wata farar ce daban?”

Kawu ya ce wataƙila ƙarama ce, ba ta shiga takarda ba. Masinjan da ke bakin ƙofa ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

A hanyar dawowa Kawu ya tsaya wajen masu gyaɗa. Ya saya mini ƙulli ɗaya, ya ce, “Ci, Yaya.”

Talata, da rana

Kwano a share.

Alhamis, da hantsi

Inno ta zo da nono. Ita ce Bafulatanar da ke kawo mana tun ina ƙarama, tsohuwa ce amma ta fi ni sauri. Ta sauke ƙwarya suka fara abin da suka saba da Kaka.

“Har yanzu kina nan, tsohuwa? Na zaci zan tarar an raba zannuwanki.”

“Ina nan sai na ga ranar da za ki kawo nono ba ruwan rafi ba.”

Da Kaka ta shiga ɗauko kwano, na matsa na ce, “Inno, kin san shekarar turaku?”

Ta daɗe tana gyara faifai. Ta ce, “Mu shekarar toshe burtali muke ce mata.” Burtali ita ce hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa. “Lokacin rugarmu tana bayan ƙauyenku, kafin mu dawo wajen Bobi. Ni na kawo wa uwarki man shanu ranar da kika faɗo, kina ja kamar ɗan tsako. Wa ya aike ki tono wannan?”

Na ce takarda ce.

“Takarda,” in ji ta. “Ita ce ba ta barin gidan nan ya huta.”

Juma'a, da yamma

Ni da Kaka mun zauna ɓarar gyaɗar iri. Mama ta tafi rijiya. Ban tambaya ba, ita ta fara, idonta na kan gyaɗa.

Ta ce wata safiya aka ga baƙi da sarƙar awo da wani abu mai ƙafa uku. Suka kafa turaku na siminti tun daga gindin dutse har bakin rafi, suka yanke rabin gonakin fadama. Aka ce daga nan zuwa can ba na kowa ba ne kuma. Mutanen ƙauye suka ce Fulani ne suka kai kuka aka zo yi musu makiyaya.

Kakana, mijinta, shi ne mai unguwa. Aka kawo takarda ya dangwala yatsa, ya sa hannuwansa biyu a hammata. Washegari ya ɗauki magirbi ya tone turaku goma sha ɗaya, ya ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ya jera a ƙofar barikin da baƙin suka sauka.

“A jere,” in ji Kaka, “kamar doya a kasuwa. Har ya share musu ƙasar jiki. Mutum ne mai tsabta.”

Na ce, “Daga nan fa?”

“Daga nan aka haife ki.”

“Shi fa?”

“Ki kula, kina haɗa ɓawo da ƙwaya.”

Baba, ban taɓa tambayar me ya sa babu kabarinsa a ƙauye ba. Ban kuma tambayi me tsofaffin nan uku da suka zo daga gida watan jiya suke so ka rubuta musu ba. Ni ce dai na cika maka tawada a alƙalami ranar.

Asabar

Zafi. Ba labari.

Litinin, 27 ga Afrilu, da azahar

Na koma ofis ni kaɗai. Na tsaya a bakin ƙofa har sau biyu masinja yana cewa in shiga.

Na ce, “Malam, shekarar turaku ce.”

Ya bi takardarsa daga sama har ƙasa, ko da yake na ga alama ya san abin da zai tarar. “Babu ita a nan.”

“Amma an yi ta.”

“Ban ce ba a yi ba, 'yata. Na ce ba a rubuta ba. Ni kuwa abin da aka rubuta nake aiki da shi.” Ya rage murya. “Ki samo mini ita a rubuce, ko da wane irin rubutu ne, da dattawa biyu. Ki yi sauri.”

Na fito ina mamakin yadda shekara guda, da damina da rani da haihuwata a ciki, za ta ɓace don wani bai ga damar sa ta a layi ba. Wa ya zaɓi abin da zai shiga takardar nan? Ga tambayata ta aji ta biyo ni har Kontagora.

Talata, da hantsi

Inno ta ce yayanta Modibbo yakan rubuta abubuwa a gefen littattafansa, haihuwa da mutuwa da shekarun annobar shanu. Ta ce za ta aika, amma kada in sa rai, shekara goma sha tara bai taka gidan mutumin ƙauyenmu ba.

Na wanke mata ƙwarya. Ta ce ban iya ba.

Laraba, da rana

Kwano ya dawo kamar yadda ya tafi.

Alhamis, da rana

Haka ma yau. Kaka ta ce miyar ce ta yi gishiri. Ni na yi miyar, ban sa gishiri da yawa ba.

Juma'a, 1 ga Mayu, da safe

Na ɗauki fensir na rubuta a gurbin farko: Tarihi. Na bar sauran wurin fari. Kawu ya yi gaskiya. Tarihi ma karatu ne mai kyau. Mutane da yawa suna karanta shi su kaɗai, ba abin da ya same su.

Karatu ne mai kyau ƙwarai.

Asabar, da la'asar

Ka ci rabi. Mama ta yi waƙa tana wanke kwanon.

Litinin, 4 ga Mayu, da yamma

Modibbo ya zo, Inno ta rako shi.

Ɗan tsoho ne siriri da malfa da gafaka a rataye. Ya ƙi shiga ɗaki, aka shimfiɗa masa tabarmar jarida a gindin mangwaro. Na ji daɗin ganin ta a buɗe. Shi da Kaka suka gaisa gaisuwa mai tsawo, kowa na kallon wani gefe.

Ya buɗe gafaka ya yi ta juya warƙoƙi har ya tsaya. A gefen wani shafi akwai layi biyu da jar tawada. Ya karanta: a watan Rabi'ul Ahir na shekara ta dubu da ɗari uku da hamsin da tara aka kafa duwatsu aka toshe hanyar ruwa, bisa roƙon manoma.

Kaka ta ajiye goron da take ɓarewa. “Roƙon wa?”

“Naku mana. Haka aka gaya mana, kun kai kuka shanu na shiga fadama.”

“Mu aka ce mana ku kuka kai kuka.”

“Mu? Mu da muka rasa mashaya, muka yi kwana tara a hanya da 'yan maruƙa?”

Inno ta ce, “Shekara goma sha tara ina sayar miki da nono ina cewa a raina, Allah ya isa.”

Kaka ta ce, “Ni ma ina sha ina faɗin haka.”

Sai suka fashe da dariya su biyu, har Inno ta share ido da bakin zane. Modibbo bai yi dariya ba. Ya ce, “To wa ya roƙa?” Kaka ta dubi wajen katanga, aka koma maganar ruwan sama.

Kafin ya tashi ya tambaye ni me zan karanta. Na ce Tarihi. Ya ce, “Ga shi nan ni ma na rubuta tarihi, da jar tawada ma. Kin ga inda ya kai ni.” Ya roƙi alƙalami ya ja layi a kan kalmomi uku na ƙarshe.

Talata, da azahar

An yi rantsuwa. Modibbo ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani. Kaka ta ce ita ba ta san littafin kowa ba, sai Malam Tanimu ya jawo aljihun tebur ya fito da bakin fartanya da yake ajiye wa irinta. Ta sa ƙarfen a haƙori ta rantse da Dukanci, rantsuwar da ta fi abin da aka tambaye ta tsawo nesa ba kusa ba. Malam Tanimu ya ce a fassara. Na ce ban ji duka ba. Ya ce shi ma haka ya fi masa.

Bana ta Musulunci 1378 ce, a cire 1359. Shekaruna goma sha tara. An haife ni a 1940. Na koma ƙanwar Solomon.

Da muka juya za mu fita na waiga, na ga Malam Tanimu ya jawo doguwar takardarsa yana rubuta wani abu ƙarami da fensir a gefen 1940. Da ya ga ina kallo sai ya ɗora tabarau a kai.

Saura na ukun. Saura kwana biyu.

Laraba, 6 ga Mayu, da safe

Kaka ta ce in ba ta takardar. Mama ta ce ba za a bari ta shiga ba, Kawu ya ce za a ƙara wa mutum wahala. Kaka ta ce mai tsaron ƙofar can ita ta yi masa maganin kunama yana yaro, za ta nuna masa a fili, in ya hana ya hana. Ta ninke ta ta ɗora a kan murfin kwano.

Na share tsakar gida sau biyu. Na share ta uku.

Laraba, da la'asar

Takardar ta dawo, Baba. Da ɗigon manja a kusurwa, da sa hannunka a ƙasa, mai doguwar wutsiyar nan da nake kwaikwayo ina ƙarama. Ya ɗan karkace.

Sai da na buɗe shafin farko na gani. Inda na rubuta Tarihi da fensir, ka bi kansa da tawada. A farin wurin da na bari ka ƙara kalma biyu.

Na tambayi Kaka me ka ce. Ta ce ka tambayi ko an gyara rumbu, ka kuma ce a gaya wa Malama fensir na masu shirin gogewa ne.

Kawu ya karanta, ya cire hula ya mayar. Ya ce, “Ku dai jininku ɗaya.” Daga baya ya ce in zo ya auna ni, ba za a je jami'a da rigar makaranta ba.

Alhamis, 7 ga Mayu, da hantsi

Takardar ta tafi. Na tsaya har motar ta sha kwana.

Asabar, da yamma

Ruwan farko mai ƙarfi. Mun shuka gyaɗa a bayan gida, ni da Mama da Kaka. Layina ya fi na kowa karkata.

Talata, 19 ga Mayu, da la'asar

Kwana goma ban rubuta ba, don ba abin da zan ce sai kwano, kuma na gaji da rubuta kwano.

Kana kwance a gindin mangwaro yanzu, kana barci da rana, abin da ban taɓa gani ba. Rigarka ta yi maka yawa. Da safe aka sake ka, ka shigo da ƙafa, ka gaida Kaka, ka sha ruwa moɗa biyu, ka ce gyaɗar nan wa ya shuka layin gefe. Ba ka ce komai game da can ba, ba wanda ya tambaya. Mama ta ce ba za ka koma asibiti ba tukuna. Ban san tsawon tukuna ba. Amsar jami'a ma sai watan Agusta.

Maƙwabta biyu sun leƙo. Ɗaya ya tambaya ko akwai jarida.

Zan ajiye littafin nan kusa da hularka, ka gan shi in ka tashi. Na ci shafi goma sha huɗu ba da izini ba, ka yafe mini. Ka karanta duka, in akwai kuskure ka gyara. Akwai abubuwan da ban sani ba tukuna: inda aka kai Kakana, da wanda ya roƙa a kafa turakun, da abin da Kaka ta faɗa da ƙarfe a bakinta. Ba na cewa ka gaya mini yau.

Saura shafi ashirin da shida farare, Baba. In ka yarda in ci gaba da rubutu a ciki, ka bar mini alƙalaminka a kai.